Ɗamarar da Ban Yanke Ba

Tun ranar da wani ya ɗauki hotona ina rataye a jikin dogon bene ya watsa a waya, kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali a nan unguwar Najma ta Doha. Da na zauna sai wani ya jawo benci ya ce, "Baba Habu, a taimaka a saka ni aikin igiya." In na tambaye shi me ya sani game da aikin, sai ya ce ai ba wani abu ba ne, a ɗaure ka, a zura ka, a jawo ka. Haka ake yi wa guga ma. Sai dai guga ba shi da iyali a Rayyan masu jiran ya dawo cin abincin rana.

To yau ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ku kuma da kuke kirana Baba Mai Kujera a bayan idona, don kuna ganina duk Juma'a ina shiga masallaci da kujerar naɗewa a hammata, kada ku yi zaton ban ji ba. Za mu zo kan kujerar.

Rijiyar farko da na shiga a wani ƙauye ce gabas da Gumel. Maigidana Baba Ɗanjuma, mai haƙar rijiya, gajeren mutum ne mai baƙar magana, wanda ban taɓa jin ya yabi kowa ba. Igiyarmu ta rama ce, ɗamara kuwa wani guntun fata ne da ake zagaya maka a ƙugu a ce Allah ya tsare. Shekara shida na yi a hannunsa, kuma in aka tace abin da ya koya mini, abu biyu ne. Na farko, kafin ka amince wa rami, ka ɗanɗana shi. Yakan lakaci ƙasar bango ya ɗora a harshe, in ya ji kanwa sai ya ce wannan rijiyar za ta ci ƙugiya, a canza ta kafin kaka. Na biyu wuƙa. Duk ranar da ya ga igiya ta fara sakin zare, nan take zai zauna a bakin rijiyar ya yayyanka ta guntu-guntu, kowane guntu bai wuce kamu ɗaya ba. Mata su taru suna roƙo a ba su su ɗaure akuya, ko kallonsu ba ya yi. Na taɓa ce masa, "Baba, ai da saura a jikinta." Ya ce, "In na bar ta da tsawonta, wata rana za ta dawo bakin rijiya, kuma kai za a ɗaure da ita."

Daga rijiya na koma wanke tankunan mai, daga nan na gangara kudu wajen masu haƙar mai a teku, inda aka koya mini igiyar zamani aka ba ni takarda. Da wannan takardar wani kamfani ya ɗauko ni zuwa Doha, lokacin da gari ya cika da ƙarar injin gini. Shekara biyu ina wanke gilashin benaye. A nan na san masu ba da aiki. Akwai manajan da bai san kalma ba sai "yalla, yalla," wato maza-maza, yana cikin sanyin mota yana nuna maka agogo ta taga. Akwai wanda ya sa aka zura ni daga rufin falonsa don in goge masa fitilar ado, ya tsaya a ƙasa yana roƙona kada in faɗo, wai fitilar daga Turai aka kawo ta.

Aikin rami daga baya ya zo. Ƙasar nan in ka kalle ta daga sama kamar faranti take, amma cikinta duk kogo ne. Mutanen nan suna ce wa irin ramukan dahal. Da aka fara haƙar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa da tushen manyan gine-gine, sai a yi ta cin karo da su, kuma dole wani ya sauka ya gano girmansu. Injiniyoyi suka duba cikin ma'aikata, suka ji akwai wani baƙin mutum da ya taso a rijiya. Ranar da na fara sauka cikin dahal na ji wannan ɗumin mai laima ya bugi fuskata, wallahi daɗi na ji, kamar na koma gida.

Yanzu bari in gaya muku abin da kuke cewa ba wani abu ba ne. Ɗamarar zamani, wadda a wurin aiki ake ce wa hanis, ɗauri ne mai faɗi da yake kama cinyoyi da ƙugu da kafaɗu. A daidai cibiya akwai zobe guda na ƙarfe, bai kai awarwaron mace girma ba. Kai da tumbinka da digirinka, duk a jikin wannan zoben kuke rataye. Ku in za ku zaɓi ɗamara, launi kuke dubawa da laushin katifar baya. Ni zoben nake fara kamawa.

Ƙarfe uku za ku tarar. Akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa wankan ƙyalli. Wannan ina ganin girmansa, don ba ya munafunci. In ya fara lalacewa sai ya yi ja, ya ɓata maka riga, ko a duhu ka shafa za ka ji kaushinsa. Akwai alminiyom, mara nauyi, abin son samari da masu ciwon baya. A kan bene, cikin iska da rana, ba shi da laifi ko kaɗan. Amma ka bar shi wata da watanni inda gishiri ya haɗu da laima, ba zai yi ja ba, ba zai gaya maka komai ba. Wani farin gari yake fitarwa kamar alli, a ƙarƙashin ɗaurin da ya naɗe shi, inda ido ba ya kaiwa, yana cinyewa daga ciki. Na uku sitenles, ƙarfen nan mai wuyar tsatsa, shi ma kala-kala ne, akwai na cokali, akwai na jirgin ruwa. Na jirgin ruwa ake nema wa ramin gishiri. Ina yawo da ɗan maganaɗisu da na ciro daga tsohuwar lasifika, in ya cafke zoben da aka rantse mini na jirgin ruwa ne, sai in tura wa mai kanti kayansa in yi masa sallama. Kuma kada ka sake ka bar ƙugiyar alminiyom a maƙale da ƙusar sitenles cikin laima. Kamar ka kulle akuya da buhun dusa ne a ɗaki ɗaya, ka san wanda za ka tarar da safe.

Ɗaurin kansa gishiri ba ya ƙyale shi. Yana shiga tsakanin zare, in ya bushe ya zama kamar garin kwalba, duk motsin da ka yi yana yanka. Shi ya sa in an fito ake wanke ɗamara da ruwan daɗi, a shanya a inuwa. Ba a rana ba, ba kuma a bayan mota ba, inda zafin garin nan yake dafa ƙwai.

Aikin da ya fi kowanne daɗewa a hannuna shi ne na Dakta Nasiru. Kun san shi, shi ne yake tara ku bayan Juma'a yana muku faɗa kan karatu. Bazazzage ne, masanin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana koyarwa a wata jami'a a nan. Bari in faɗa tun yanzu, mutumin kirki ne, kuma ya san dutse fiye da yadda na san tafin hannuna. Yana da wasu na'urori da ya dasa a ƙasan wani dahal can yamma da Rayyan, cikin daji, kuma sai an sauka duk wata an karanta su, har shekara uku. Ya je wajen kafil ɗina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa a ƙasar nan, ya ce ni yake so. Kafin mu fara ya gayyace ni gidansa cin tuwo. Matarsa Hajiya Binta, likitar yara ce, ta kawo miyar kuka da man shanu, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba Habu, ga amana nan. Mutumin nan in ya ga dutse mantawa yake da yana da 'ya'ya. Da ƙafarsa yake fita, ina so ya riƙa dawo mini da ƙafarsa."

Na ce, "Hajiya, in Allah ya yarda." Wannan shi ne aikina, ba wani abu ba.

Ranar farko da muka sauka, na lakaci bango na ɗora a harshe. Dakta ya yi dariya har fitilar goshinsa tana rawa. "Haba Baba Habu, muna da na'ura ai."

Na ce, "Gishiri ne, Dakta, har da ɗaci."

Ya ɗebi ruwan a kwalba ya aika ɗakin gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya fito, ya zo yana karanta mini da Turanci cikin murna, wai gishiri ne, har da ɗaci. Na ce masa harshena ya riga na'urar da mako biyu, kuma ba ya cin batir.

Amma da aka zo sayen ɗamara, ni na sha kashi. Dakta ya buɗe littafin talla ya zaɓi guda huɗu masu ruwan goro, zobensu alminiyom, in ka ɗaga kamar ka ɗaga hula. Ya ce, "Irin waɗannan masu hawa duwatsun ƙanƙara suke sawa a Turai."

Na ce, "Akwai gishiri a ƙanƙarar tasu?"

Ya ce, "Baba, suna da takardar inganci. Ga hatimi."

Na ce, "Hatimin bai taɓa shiga rami ba."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, aka sayo. Ni dai na ci gaba da sa tsohuwar baƙar ɗamarata mai zoben jirgin ruwa, mai nauyi kamar sirdin jaki, ina kuma da irinta guda ɗaya a ajiye a sitonmu na unguwar Fereej Abdel Aziz. Sai Dakta ya ƙara fito da wata dabarar. Daga inda mota take tsayawa zuwa bakin ramin akwai 'yar tafiya cikin rana, don haka ya kawo akwatin roba ya ajiye a kan wani dandamali a cikin kogon, ya ce a riƙa barin kayansa da na ɗalibansa a nan, ai ya fi bayan mota sanyi. Na ce laimar fa? Ya ce akwatin yana da murfi. Na yi magana sau biyu, na uku na yi shiru, don kada a ce tsoho ya cika mita. Ni kuwa duk wata sai in kinkimo tawa in kawo Najma in wanke ta a banɗakin da mu shida muke rabawa, 'yan ɗakinmu suna buga ƙofa suna tambaya ko gawa nake wankewa.

Sai mummunar shekarar ta zo, shekarar da maƙwabta suka rufe kan iyaka ana tsakiyar azumi. Wasunku suna nan, kun tuna yadda madara ta ɓace a kanti, ta dawo daga wata ƙasa da rubutun da ba mai iya karantawa. Ku madara ta dame ku. Mu kayan aikinmu ta hanyar mota suke shigowa daga can, kuma hanyar ta mutu. Igiya, ƙugiya, ɗamara, duk abin da aka yi oda ya maƙale a wata tashar da ba wanda ya san ranar fitowarsa. Kamfani ya sallami mutane, waɗanda suka rage aka ce su lallaɓa abin da yake hannu. A shekarar na ga ƙwararrun mutane suna shafa wa tsatsa mai suna ce mata ta yi haƙuri.

A cikin wannan halin lokacin duba kayan Dakta ya yi. Na kwaso masu ruwan goron nan huɗu na kawo sito, na shimfiɗa su a tebur. Daga waje sababbi fil, ko launinsu bai dushe ba. Na sa babban yatsa na ture ɗaurin da ya naɗe zoben ta farko. Farin gari ya zubo mini a tafi. Na goge, sai ga ƙananan ramuka a jikin ƙarfen kamar wanda gara ta ci. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu ita ce ta Dakta, ita ma ga garin nan, sai dai bai kai na sauran ba. Na rubuta a takarda cewa duka huɗun sun mutu, na sa hannu, na zaro wuƙa.

Na yanke uku kenan Dakta ya shigo. Ya ga guntayen a ƙasa ya dafe kai. "Innalillahi! Baba Habu, a wannan marrar?"

Na nuna masa garin. Ya ɗauki zoben ya juya, ya sa tabarau, ya yi mini bayanin abin da ya faru da ƙarfen, da sunansa na Turanci, bayani mai kyau ƙwarai. Ya yarda sun lalace. Na kai wuƙa kan ta huɗun, sai ya kama wuyan hannuna.

"Wannan kam bar ta, don Allah. Dubi yadda take. Almubazzaranci ne."

Na ce, "Dakta, ta mutu."

"Na ji ta mutu. Ba sawa zan yi ba. Aji zan kai ta in nuna wa ɗalibai yadda gishiri yake cin ƙarfe. In ka yayyanka ta me zan nuna musu? Haba Baba, ni ne fa."

Ku da kuke dariya, kun san halinmu. Mu ne muke cika kwantenar jirgi da firjin da ya mutu mu aika gida, wai za a gyara. Mu ne muke ajiye gwangwanin madara guda talatin ƙarƙashin gado. Bahaushe ya ga abu mai ƙyalli a ce ya sa masa wuƙa, sai ya ji kamar ɗansa za a yanka. Ni ma Bahaushen ne. Tun ina yanka ukun farko zuciyata take ciwo. Ga kuma kara. Mutum mai digiri uku, wanda na ci tuwon gidansa, ya riƙe hannuna yana ce mini Baba. Muryar Baba Ɗanjuma tana kunnena, ina jinta sarai, amma na mayar da wuƙar kube. Na yago jan ƙyalle na ɗaura a zoben, na ce alama ce, kowa ya gani ya san ba ta sawuwa. Dakta ya yi godiya ya jefa ta bayan motarsa, ya ce gobe zai kai aji. Daga ranar ya koma sa baƙar ɗamarar da nake ajiye da ita, kullum yana ƙorafin ta goge masa cinya.

Bayan wata biyu malaminsa ya zo daga Zariya halartar taro. Farfesa ne dattijo, shi ya koyar da Dakta tun yana ɗan aji ɗaya, kuma ya ce ba zai koma ba sai ya ga ramin nan da idonsa. Mu uku za mu sauka, ɗamara mai rai guda biyu. Na tsara yadda za a yi tun a mota. Ni zan fara sauka da tawa. Farfesa ya biyo da ɗayar. In ya iso ƙasa in cire masa, in ɗaura a igiya, abokin aikina Tika, wani ɗan Nepal da yake tsare mana bakin rami, ya jawo ta sama, Dakta ya sa ya sauko. Zai ɗauki lokaci, amma ba inda za mu. Kowa ya ce ya ji.

Da hantsi muka isa, rana ta riga ta fara dukan ƙeya. Ramin yana farawa da ɗan maƙogwaro matsattse, sai dandamalin da akwatin yake, daga nan kuma sai sarari, zurfin bene bakwai ko takwas, babu abin taɓawa sai igiya. Na sauka. Farfesa ya biyo a hankali yana salati, na tare shi, na zaunar da shi a kan dutse ya huta. Na durƙusa ina kwance masa ɗaurin cinya kenan, sai ƙananan duwatsu suka zubo kan hular kwanona. Na ɗaga kai. A cikin hasken fitilata na ga ruwan goro yana saukowa.

Daga baya Tika ya gaya mini yadda aka yi. Dakta ya tsaya minti biyar a rana, ya ce bai dace a bar malaminsa yana jira a ƙasa ba, bai kuma dace a tuɓe wa dattijo ɗamara kamar yaro ba. Ya koma mota ya ɗauko ta huɗun nan mai ruwan goro. Wata biyu tana bayan motar, ba ta ga aji ba. Tika ya nuna masa jan ƙyallen, Dakta ya kwance shi ya ce, "Sau ɗaya ne, khalas, shi ke nan." Tika ɗan kwangila ne, Dakta mai aiki. Mutumin ya yi iya abin da zai iya.

Ban yi ihu ba, don mai firgita yana fizgar igiya. Na sassauta murya na ce, "Dakta, sannu a hankali. Kada ka yi tsalle. Zo kamar kana ɗauke da ƙwai."

Ya leƙo yana dariya. "Baba Habu, ka ga ta riƙe ni? Ka so ka yi mana asara."

Na ce, "Na gani. Sauko dai a hankali."

Ya wuce rabi. Ina ƙirga tsawon da ya rage a raina, ina roƙon Allah. Dakta yana da wata ɗabi'a da na yi ta hana shi, in ya kusa ƙasa sai ya saki birkin igiya ya zuro da gudu sannan ya kama, kamar yadda ake yi a fim. Ga malaminsa yana kallo. Saura kamar bene biyu ya saki, ya zuro, ya kama.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an karya busasshen kara.

Akwai igiya ta biyu, ta ko-ta-kwana, mai nata birkin da yake cafkewa da kansa in mutum ya faɗo, muddin ba a riƙe shi ba. Tsoro ya sa Dakta ya damƙe birkin da hannu biyu, ya hana shi ci. Ya sauko tare da shi, ya bugi gangaren dutse da bayansa, ya mirgino har gaban Farfesa. Idonsa biyu. Abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, ba na jin ƙafata."

Sai bayan la'asar muka fito da shi, da taimakon masu kai ɗauki, a ɗaure a kan allo. Ba zan ba ku labarin wannan wunin ba, ba abin shan shayi ba ne.

Aka yi bincike, kamar yadda ake yi. Takardata tana nan da sa hannuna, na rubuta ɗamarar ta mutu. Aka sami jan ƙyallen a bakin rami. Dakta daga gadon asibiti ya ce a rubuta laifinsa ne shi kaɗai, an hana shi ya ƙi ji. Jami'in kiyaye haɗari, wani mai rigar da ba ta taɓa ganin ƙura ba, har hannu ya ba ni, wai na bi ƙa'ida. Takarda ta wanke ni tas, ko kwana ɗaya ba a dakatar da ni ba.

A barandar asibiti Hajiya Binta ta same ni. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da rusunawa. Sannan ta ce, "Baba Habu, kun san ta lalace?"

Na ce, "Na sani, Hajiya."

"Ya ce mini da wuƙa a hannunku."

Na ce, "Da wuƙa a hannuna."

Ta ce, "Allah ya kiyaye gaba," ta koma ciki. Da ta zage ni, da ta tara mini jama'a, da na fi samun sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Kayan da aka yi oda sun iso bayan wata uku, ta jirgin ruwa, baƙaƙe masu nauyi irin waɗanda na ce a saya tun farko. Wani ɗalibinsa ne ya ƙarasa aikin ramin, ni nake saukar da shi. Dakta ya yi kusan shekara kafin ya miƙe da sanduna biyu. Ya koma koyarwa. Zoben nan da ya karye yana kan teburinsa, duk sabon aji sai ya zagaya da shi hannu-hannu. Wani lokaci yakan tsokane ni ya ce, "Ban ce maka zan koyar da ita ba?" Shi yana iya dariyar. Ni ban koya ba tukuna.

To ga shi, wanda yake son aikin igiya ya same ni a sito ranar Asabar. Ba zan tambaye shi takarda ba, ba zan sa shi hawa komai ba. Akwai wata ɗamara da na kashe makon jiya, shuɗiya, kyakkyawa, ko datti babu a jikinta. Zan ajiye ta a gabansa in miƙa masa wuƙa. In ya yanke, mu fara. In ya tsaya yana juya ta yana cewa "Baba, ai da saura a jikinta," ya koma ya ci gaba da ɗaukar hoto, ba gaba tsakaninmu.

Kujera kuwa, ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, ina kai goshina ƙasa kamar kowa. Ran Juma'a in kun shiga ku dubi ƙarshen sahu na biyu, wajen bango, ku ga wanda yake zaune a kanta. Yana da ɗalibai, yana da direba, kowannensu ya nemi in bar masa ɗaukarta. Na ce a'a. Hajiya ta ce in riƙa dawo mata da shi da ƙafarsa, ban dawo da shi ba. Kujerar dai ni zan ɗauka.